RAGE ƘIBA A HANNUN LIKITA: BAYANI A KAN MAGUNGUNAN RAGE SHA'AWAR ABINCI

GABATARWA

A ƙasar nan tamu, tun kaka da kakanni, ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. In amarya ta yi wata uku a ɗakin miji aka ga ta murmure, sai a yaba wa angon a ce ya iya riƙo. In magidanci ya ajiye tumbi, sai a ce kuɗi sun zauna. A zamanin da jama'a ke wuni a gona, suna zuwa kasuwa da ƙafa, mata na daka da surfe da jan ruwa a rijiya, wannan yabo bai cika cutar da kowa ba, domin ƙiba mai yawa ba ta faye samuwa ba. To, amma zamani ya sake. Mutane da yawa sun koma birane, aikinsu na zama ne a ofis ko a kanti ko a cikin mota, ga lemon kwalba da soye-soye da kayan fulawa a kowane lungu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya daga cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A cikin wannan hali ne labarin wasu sababbin allurai na rage ƙiba ya bazu, har ya kai ana tallarsu ta wayar hannu kamar ana tallar atamfa. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a gaskiyar waɗannan magunguna: yadda suke aiki, wanda ya cancanci a ba shi, haɗarin da ke tattare da su, da dalilin da ya sa bai kamata kowa ya taɓa su ba sai da izinin likita.

MECE CE ƘIBA A WURIN LIKITA?

Likita ba ya auna ƙiba da ido. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake kira BMI, watau ma'aunin nauyi da tsawo. Ana ɗaukar tsawon mutum a mita a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Ga misali: mutumin da tsawonsa mita 1.70 ne, nauyinsa kuma kilo 92. In aka ninka 1.70 da 1.70 za a sami 2.89, in aka raba 92 da 2.89 za a sami kusan 32. Ga babban mutum, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa, ita ce ƙibar da likitoci ke lissafawa a cikin cututtuka. Ashe ke nan mutumin da muka yi misali da shi ya shiga wannan rukuni.

Bayan wannan, likita yakan auna zagayen ciki, domin kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da ƙugu illa. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya lura kada zagayen cikinsa ya kai rabin tsawonsa.

Dalilin damuwa da wannan al'amari shi ne cututtukan da ƙiba ke jawowa. A cikinsu akwai ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa da baya, da taruwar kitse a hanta, da minshari mai haɗe da ɗaukewar numfashi a cikin barci, da wahalar samun haihuwa ga wasu mata, har da wasu ire-iren ciwon daji. Abin farin ciki shi ne, ba sai mutum ya koma kamar sillen kara ba kafin ya ga amfani. Rage kashi 5 zuwa 10 daga cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya sauko da sukari da hawan jini. Ga mai kilo 92, kilo 5 zuwa 9 ke nan.

ME YA SA RAGE ƘIBA KE DA WUYA?

Sau da yawa akan zargi mai ƙiba da kwaɗayi ko lalaci. Binciken masana ya nuna cewa maganar ta fi haka zurfi. Jin yunwa da jin ƙoshi aikin ƙwaƙwalwa ne, ita kuwa ƙwaƙwalwa saƙo take karɓa daga sassan jiki ta hanyar waɗansu sinadarai 'yan aike da ke bin jini. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye a rumbu. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa in ya zama wayam, don ya ta da yunwa.

Idan mutum ya matsa wa kansa ya rage cin abinci har ya rame, jikinsa yakan ɗauka fari aka shiga. Sai sinadarin yunwa ya ƙaru, na ƙoshi ya ragu, jiki kuma ya rage yawan abincin da yake ƙonawa. Wannan ne ya sa mutane da yawa sukan rage kilo 10 da kyar, bayan shekara guda su ga ya dawo har da riba. Gado ma yana da nasa hannu, haka nan ƙarancin barci, da wasu cututtuka, da wasu magunguna. A nan ya kamata a ja kunnen masu shan ƙwayoyin ƙara ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Wasunsu, kamar dekzametazon, magungunan wasu cututtuka ne dabam, kuma shansu barkatai yana kumbura fuska da ciki, ya haddasa ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi.

DARASIN MAGUNGUNAN BAYA

Neman maganin rage ƙiba ya daɗe, kuma an sha yin da-na-sani a kansa. A shekarun 1930 an yi ta sayar da wani sinadari mai suna DNP a Amurka. Yana ramar da mutum, amma yana ta da zafin jiki har ya kai ga mutuwa, yana kuma kawo yanar ido, don haka aka hana shi a 1938. A 1997 aka janye fenfuluramin daga kasuwa bayan an gano yana lalata ƙofofin da ke cikin zuciya. A 2008 ƙasashen Turai suka dakatar da rimonabant saboda yana jefa masu shansa cikin baƙin ciki mai tsanani. A 2010 aka janye sibutiramin saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2020 kuma aka janye lokasarin saboda zargin ciwon daji.

Duk waɗannan, ban da na farkon, sai da hukumomi suka amince da su kafin illarsu ta bayyana a fili. In har maganin da aka gwada aka yi wa rajista zai iya zuwa da irin wannan matsala, ina ga wanda ba a san mahaɗinsa ba, ba a kuma san inda aka yi shi ba?

MAGUNGUNAN WANNAN ZAMANI

Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yakan fitar da wani ɗan aike mai suna GLP-1. Aikinsa uku ne: yana sa a saki insulin don sukari ya sauka, yana jinkirta fitar abinci daga ciki, yana kuma shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Sai dai wannan sinadari ba ya wuce 'yan mintoci a cikin jini kafin ya lalace. A 1992 wani likita a New York mai suna John Eng ya ba da rahoton wani sinadari mai kama da shi, wanda ya fi shi daɗewa, a cikin dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka. Daga nan aka sami maganin farko na wannan dangi, wanda aka amince da shi a 2005 domin masu ciwon sukari. Da likitoci suka lura cewa masu karɓar irin waɗannan allurai suna ramewa, sai aka shiga gwada su a kan ƙiba ita kanta.

Uku ne suka fi shahara. Na ɗaya liragulutaid, mai sunan kasuwa Saxenda, allura ce ta kullum, an amince da ita don rage ƙiba a Amurka a 2014. Na biyu semagulutaid, allurar mako-mako ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak. Ana kiranta Ozempic in ta masu ciwon sukari ce, tun 2017, ana kuma kiranta Wegovy in ta rage ƙiba ce, tun 2021. Na uku tirzefataid, ta kamfanin Eli Lilly na Amurka, ita ma ta mako-mako. Tana kwaikwayon 'yan aike biyu ne a lokaci guda, ana kuma sayar da ita da sunan Mounjaro ko Zepbound. Ana yin waɗannan allurai a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko dantse, da wani abu mai kama da alƙalami.

Sakamakon gwaje-gwajen semagulutaid da tirzefataid ya fi na magungunan da suka gabata. A wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi da mutum 1,961 har tsawon mako 68, waɗanda aka yi wa semagulutaid sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa ba su kai kashi 3 ba. A gwajin tirzefataid na 2022, masu karɓar mafi ƙarfin awo sun rage kusan kashi 21 cikin 100 a mako 72. A 2023 kuma wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna cewa semagulutaid ta rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100. Abin lura shi ne, a gwaje-gwajen rage ƙiba, kowa sai da aka ɗora shi a kan tsarin abinci da motsa jiki. A watan Disamba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan wannan dangin magani, inda ta yarda, bisa sharuɗɗa, a yi amfani da shi ga manya masu ƙiba, ban da mata masu ciki, tare da horo a kan abinci da motsa jiki.

Akwai kuma na haɗiya. Fentamin tsohon magani ne tun 1959, yana danne yunwa ta hanyar zaburar da ƙwaƙwalwa, amma yana iya ta da bugun zuciya da hawan jini ya hana barci, don haka na 'yan makonni ne kawai. Shi kuwa olistat, mai sunan kasuwa Xenical, ba ya taɓa sha'awar abinci. Hana hanji tsotse kusan sulusin man da aka ci yake yi, man ya fita ta bayan gida.

WA YA CANCANTA, WA KUMA AKA HANA?

A bisa ƙa'ida, likita yakan duba yiwuwar ba da magani ga wanda ma'auninsa ya kai 30, ko wanda ya kai 27 kuma yana da wata cuta mai alaƙa da ƙiba, kamar ciwon sukari ko hawan jini, bayan an gwada gyaran abinci da motsa jiki ba a kai ga biyan bukata ba. Budurwar da ke son ta rage kilo 3 kafin biki ba ta cikin wannan lissafi.

Waɗanda bai kamata a yi musu alluran dangin GLP-1 ba, ko kuma sai da taka-tsantsan na musamman, sun haɗa da:

1. Mace mai ciki ko mai shayarwa. Mai niyyar ɗaukar ciki za ta daina semagulutaid aƙalla wata 2 kafin lokacin.
2. Wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in ciwon daji na ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod.
3. Wanda ya taɓa yin kumburin fankiriyas, watau halittar da ke bayan ciki mai samar da insulin.
4. Mai ciwon ciki ko hanji mai tsanani, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukarin da ya taɓa masa ido.
5. Mai larurar ƙin cin abinci ko tilasta wa kai amai don tsoron ƙiba.

Mai ciwon sukarin da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, yana cikin haɗarin sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas in ba a gyara masa awo ba. Matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa su sani cewa tirzefataid tana iya rage mata ƙarfi a makonni 4 na farko, da kuma duk lokacin da aka ƙara awo.

YADDA AKE YI A HANNUN LIKITA

Da farko likita zai tambayi tarihin lafiyarka da ta danginka, da dukan magungunan da kake sha, na asibiti da na gargajiya. Kada ka ɓoye masa kome. Zai auna nauyi da tsawo da ciki da hawan jini, ya sa a gwada jini don duba sukari da kitse da aikin hanta da ƙoda. Wani lokaci a nan ne ake gano cewa wata cuta ce ko wani magani ya kawo ƙibar, sai a bi ta can.

In ya ga ka cancanta, da ƙaramin awo zai fara. Wegovy, alal misali, ana fara ta da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa bayan kowane mako 4, sai an yi kamar wata 4 kafin a kai cikakken awo na miligiram 2.4. Wannan hawa sannu-sannu shi ke ba ciki damar sabawa. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake mataki yakan ƙare da amai a gadon asibiti. Za ka riƙa komawa ana duba ka, kuma in bayan kamar wata 3 a kan cikakken awo ba ka rage kashi 5 cikin 100 ba, likita zai sake shawara, domin akwai waɗanda maganin ba ya yi musu aiki.

Tsarin abinci yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da allurar. Wanda cinsa ya ragu dole ɗan abin da yake ci ya zama mai gina jiki, domin ramar ba kitse kaɗai take ɗauka ba, har da tsoka. Saboda haka a ba wake da ƙwai da kifi da nama marar kitse da nono muhimmanci, a yawaita zogale da alayyafo da rama da kuɓewa, a rage malmalar tuwo da tulin shinkafa da sakwara, a sassauta wa manja da man gyaɗa, a yi sallama da lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau kamar tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana 5. A haɗa da aikin ƙarfi sau 2 a mako don a tsare tsoka.

Alluran suna bukatar sanyi, tsakanin awo 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi, kuma ba a barinsu su daskare. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan magana ce da za a yi da masanin magunguna tun kafin a biya kuɗi. Ba a yin tarayya a alƙalamin allura ko da da miji ko mata ne, kuma kowane yi da sabon tsinke.

MATSALOLI DA ALAMUN HAƊARI

Mafi yawan masu karɓar allurar sukan yi fama da tashin zuciya, ko amai, ko gudawa, ko taurin bayan gida, ko kumburin ciki, musamman a farko da lokacin ƙarin awo. Cin abinci kaɗan-kaɗan, da guje wa mai maiƙo, da yawan shan ruwa suna kawo sauƙi. A lokacin zafi a ƙara kula, domin amai da gudawa suna ƙarar da ruwan jiki su taɓa ƙoda. Mai niyyar azumi ya sanar da likita tun da wuri, don kada a fara masa magani ko a ƙara awo a tsakiyar azumin. Haka nan wanda za a yi wa aiki a asibiti ya faɗa wa likitoci yana kan wannan allura, domin abinci yana daɗewa a cikinsa, kuma hakan na da haɗari lokacin da aka sa shi barci.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, mai ratsawa zuwa baya; ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ido ya yi rawaya, wanda ke iya zama tsakuwar maɗaciya; aman da ya ƙi tsayawa ko ƙarancin fitsari; kumburin fuska ko harshe da wahalar numfashi; rawar jiki da gumi da ruɗewa; sauyin gani farat ɗaya; ko ƙulli a wuya.

IN AN DAINA FA?

Wannan tambaya ce da ya kamata kowa ya yi kafin ya fara. Maganin yana riƙe yunwa ne muddin yana cikin jiki. In an daina, yunwa takan dawo. Da aka bi sawun wasu daga cikin mutanen gwajin 2021, an tarar cewa shekara ɗaya bayan sun daina, kusan kashi biyu bisa uku na nauyin da suka rage ya dawo. Saboda haka likitoci ke kallon ƙiba kamar hawan jini, ciwon da ake lallaɓawa shekara da shekaru. Alluran kuwa daga waje ake shigo da su, kuma suna da tsada ƙwarai. Bai dace magidanci ya taɓa kuɗin makarantar yara ko ya ci bashi don allurar wata biyu, alhali ba shi da halin ci gaba. Ya zauna da likita su duba abin da aljihunsa zai iya ɗauka. Gyaran abinci da motsa jiki da kula da sukari da hawan jini suna nan ga kowa.

HATTARA DA JABU

Duk abin da ya yi tsada ya yi farin jini, 'yan damfara ba sa barinsa. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun alluran semagulutaid da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. A wasu ƙasashe an sami alƙaluman insulin da aka sake wa takarda, waɗanda suka kai mutane asibiti a sume. Haka kuma an sha kama shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake cewa na itatuwa ne zalla, aka tarar an ɓoye sibutiramin a ciki, maganin nan da aka janye tun 2010. Waɗansu kuwa maganin sa zawo ne ko na sa fitsari. Ruwan jiki suke zubarwa, kitse yana nan inda yake.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin yi wa magunguna rajista. Kada ka sayi irin wannan magani sai da takardar likita, a kantin magani mai lasisi inda akwai ƙwararren masanin magunguna. Duba lambar rajista da ranar lalacewa da hatimin kwali. Guji na kasuwa, da na cikin mota, da na shagon gyaran gashi, da na intanet, da wanda aka ɗura a sirinji aka ce an rage maka farashi. In ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, ko magani ya yi maka illa, sanar da likitanka da ofishin NAFDAC mafi kusa.

KIRA GA JAMA'A

Ana kira ga duk wanda ke ganin nauyinsa ya wuce kima da ya je asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna shi, a duba sukarinsa da hawan jininsa, ko da ba ya jin ciwon kome. Ana roƙon iyaye su kula da abin da yara ke ci da sha, domin ƙibar yarinta takan bi mutum har girma. Ana kuma roƙon jama'a su daina yi wa masu ƙiba ba'a, domin kunya ce ke hana da yawansu zuwa asibiti, ta tura su hannun masu tallar jabu. Wanda ya karanta wannan ƙasida ya daure ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.